Masauki a Birnin 'Yan Caca

Duk wanda tafiya ta kama zuwa Las Vegas, tun kafin a tambaye shi ranar isowa za a tambaye shi inda zai sauka: tsohon gari ko Strip? Baƙo kan zaci zancen kuɗin ɗaki ne kawai, sai ya je ya tarar garuruwa biyu ne ke amsa suna ɗaya. Sana'arsu guda ce, wato raba mutum da kuɗinsa yana murmushi, amma kowanne da salon da yake bi, kuma wanda ka zaɓa shi ke yanke irin labarin da za ka komo da shi gida.

Mutumin Kaura Namoda da ya ce ya je can ba zai rasa mai harararsa ba. Mu ne fa tun watan Janairun 2000, da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta fara aiki da Shari'a, aka rufe mana gidajen giya da na caca. To me ya kai Bazamfare jihar Nevada? Taro. Birnin kan karɓi baƙi wajen miliyan 40 a shekara, yana da ɗakunan otal kimanin 150,000, shi ya sa manyan baje-kolin duniya ke son sa: na kayan lantarki, na motoci, na gine-gine, na kayan wutar sola, wanda shi ne ya kai ni. Da na je Zurmi yi wa kawuna sallama, ya daɗe yana dubana sannan ya ce, "Wanga gari da kake faɗi, ba shi ne na 'yan karta ba?" Na ce, "Shi ne, Kawu, amma aiki ne zai kai ni." Ya ce, "To, Allah shi kiyaye. Ka riƙe aljihunka, ka riƙe sallarka."

Tun a filin jirgin sama na Harry Reid aka fara yi mini maraba. Kana fitowa daga jirgi, kafin ka kai inda ake ɗaukar kaya, ga na'urorin caca nan jere suna ƙyalli suna kiɗa, wasu matafiya har sun aje jakunkuna sun zauna.

A Strip na fara sauka, don can masu shirya taron suka nuna mana. Dogon titi ne da ya kusa kilomita 7, kuma abin da yawancin baƙi ba su sani ba shi ne ba ya cikin birnin Las Vegas a hukumance. Yana cikin wasu yankuna ne da ake kira Paradise da Winchester, ƙarƙashin gundumar Clark, magajin garin Las Vegas ba shi da ta-cewa a kansa. Shahararren allon nan na maraba da aka kafa a 1959, wanda kowa ke bin layi don ɗaukar hoto a gabansa, shi kansa yana da tazarar kilomitoci daga iyakar birnin da yake yi wa mutane maraba da shiga.

Gani ya kori ji. Daga kudu, baƙar dalar gilashi ce ke tarbar ka, irin ta Fir'aunonin Masar, mai hawa 30, da dare wani haske na fita daga tsininta ya miƙe sama ɗoɗar. Otal ne, sunansa Luxor, an buɗe shi a 1993. Gaba kaɗan ga birnin New York an matse shi wuri guda, da dogayen benensa da gunkin matar nan mai riƙe da tocila, jirgin wasan yara na shawagi tsakaninsu mutane na ihu. Ka ƙara gaba ga hasumiyar Eiffel ta Faransa, rabin tsawon ta gaske, ƙafafunta sun huda rufin gidan cacar sun sauka tsakanin teburan karta. A otal ɗin Venetian kuwa, sai da na hau bene sannan na tarar da kogi. Ruwa ne na gaske, da kwalekwale na gaske, matuƙin sanye da riga mai zane da malafa yana rera waƙar Italiya, a sama kuma shuɗin sararin samaniya da gajimare an zana su a rufi an haska su. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne a agogona, amma a cikin wurin la'asar ce sakaliya, kuma haka take tun 1999. Can bayansa ga wata ƙatuwar ƙwallo mai tsawon mita 112 da suke kira Sphere, wadda aka buɗe a 2023 bayan ta lashe dala biliyan 2.3. Duk jikinta allon hoto ne. Yanzu ta zama ƙwayar ido tana ƙiftawa, jim kaɗan ta koma wata, can kuma ta rikiɗe ta zama fuska mai rawaya tana bin motoci da kallo.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ruwan Bellagio. Tafki ne aka haƙa a gaban otal ɗin, a ƙarƙashinsa an binne bututu fiye da 1,000. Da yamma duk bayan minti 15 sai kiɗa ya tashi, ruwan ya fara rausaya a hankali, layi-layi, yana lanƙwasa hagu da dama, kafin a ji wata ƙara ta fashe, ginshiƙan ruwa su yi sama har wajen mita 140. Ina jingine da dogarin dutse na bakin tafkin, feshin ya sauko mini a fuska da sanyi. Kusa da ni wani yaro a wuyan ubansa ya saki alewar da ke hannunsa bai sani ba. Kallon kyauta ne, ba mai tambayarka ko sisi. Kuma duk wannan a hamadar da ruwan saman shekara guda wajen santimita 10 ne kacal, inda zafi ya kai digiri 49 a watan Yulin 2024. Ruwan tafkin daga rijiyoyin filin yake fitowa, amma kashi 90 cikin 100 na abin da garin ke sha daga tafkin Mead ne, bayan madatsar Hoover, wanda ya ja baya ƙwarai har a 2022 wata ganga ta bayyana a gaɓarsa da gawar wani da aka harbe shekaru da dama da suka wuce.

Daɗin kallon bai hana ƙafa ciwo ba. Gine-ginen sun yi girman da ke yaudarar ido: ka hango otal ka ce ga shi nan, ka yi tafiyar rabin awa ba ka kai ba. Ba a tsallaka titi yadda aka ga dama, sai ta gadojin sama masu matakala mai tafiya da kanta, kuma gadar ba ta sauke ka a bakin hanya, cikin kantuna take zuba ka. Haka ma ɗakin kwananka. Daga inda aka ba ka makulli zuwa inda za ka hau lif, dole ka ratsa tsakiyar filin caca, cikin hayaƙin taba da ƙamshin turaren da suke fesawa, a kan darduma mai zanen da ke juya kai. Ba agogo a bango, ba taga. Mata na yawo da faranti suna raba wa masu wasa giya kyauta, ko da yake banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wata rana da asuba na sauko neman shayi, na ga wata tsohuwa zaune gaban na'ura ita kaɗai. Ga tukunyar iskar numfashi a gefenta, robar na manne a hancinta. Katin gidan na soke a jikin na'urar, an ɗaure shi da wata murɗaɗɗiyar igiya zuwa wuyan rigarta. Yatsa ɗaya kawai ke motsi a jikinta. Ta danna, hotuna su juya su tsaya, ta sake dannawa. Da ta ci wani abu sai na'urar ta saki ƙarar zubar tsabar kuɗi, alhali ba ko ƙwandala da ke faɗowa, ƙarar ce aka naɗa. Takarda na'urar ke tofowa in mutum ya tashi. Fuskarta ba ta sauya ba, da ci da rashin ci. Na sayi shayina na dawo ta nan, tana inda na bar ta.

Wanda ba ya caca kan ɗauka ya tsira, to a Strip an riga an yi lissafinsa. Yau wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na kuɗin da manyan otal ɗin titin ke samu ke fitowa daga caca. Sauran daga ɗakuna ne da abinci da abin sha da wasanni da kantuna. Farashin ɗakin da ka gani a intanet ba shi za ka biya ba, akwai wani kuɗin shaƙatawa na dole da ake ɗorawa kowane dare, dala 40 zuwa 50 ko fiye, ko ka shiga wurin ninƙaya ko ba ka shiga ba, sannan a ɗora haraji a kan duka. A otal ɗin da na sauka, ƙaramin firjin ɗakin na da na'urar da ke sanin an ɗaga kwalba, an kuma rubuta gargaɗi cewa ko ruwanka ka saka a ciki za a caje ka. Da na kira wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, mutumin Shinkafi da ke tuƙin babbar mota a Texas, na faɗa masa kuɗin gorar ruwa ɗaya, sai da ya gama dariya ya ce, "Yaya, kai da ba wasa za ka yi ba, mi ya kai ka kwana nan? Tahi Fremont. Can ma gidan su ne, amma ba su yi maka ƙarya."

Bas mai hawa biyu ce ke haɗa garuruwan, sunanta Deuce, tana aiki dare da rana, tikitin yini guda dala 8 lokacin da na je. In ka hau sama ka zauna gaba, za ka ga abin da takardun talla ba sa nunawa. Da an wuce wata doguwar hasumiya mai mita 350 sai ƙyallin ya yanke. Shagunan jingina ne, inda wanda aka cinye ke kai agogo da zobe, da ƙananan masaukai da fentinsu ya koɗe, da mutane kwance a inuwar tashar bas da kayansu cikin keken kanti. Sai kuma ɗakunan ɗaurin aure, ɗaya bayan ɗaya. Ofishin ba da takardar aure na gundumar ba ya rufewa sai sha biyun dare, akwai ma inda ake ɗaurawa ta taga ango da amarya na cikin mota. Ba waliyyi, ba lefe, ba ko goro.

Da na sauka a tsohon gari na tsaya a kan titin Fremont na dubi yamma, sai garin ya fara yi mini ma'ana. Titin ya miƙe ne ya ƙare a ƙofar wani otal mai suna Plaza, kuma a daidai inda otal ɗin yake tashar jirgin ƙasa take a da. Har yanzu jiragen kaya na wucewa ta bayansa, da dare ina jin usur ɗinsu. Las Vegas ɗiyar layin dogo ce. Kamfanin da ke shimfiɗa layi tsakanin Los Angeles da Salt Lake yana neman inda injinansa za su sha ruwa a tsakiyar hamada, a nan kuwa akwai maɓuɓɓuga. Ranar 15 ga Mayun 1905 kamfanin ya yi gwanjon filaye a gaban tasha, garin ya tsiro daga nan. Otal na farko da ke daura da tashar, wanda yau ake kira Golden Gate, an buɗe shi a 1906, yana nan yana aiki. Lambar wayarsa ta farko 1 ce.

Duk ɗan Kaura ya san wannan labarin ba sai an fassara masa ba. Garinmu ya girmi jirgi nesa ba kusa ba, tun zamanin Namoda da jihadi, amma tun da layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Kaura a 1929, sai harka ta tattara a bakin tasha. Gyaɗa da auduga da fatu daga Shinkafi da Zurmi da Isa a kan raƙuma da jakuna suke isowa, kamfanoni suka kafa sikeli da rumbuna, baƙi daga kudu suka zo suka zauna, masu abinci da 'yan dako da dillalai kowa ya samu. Da kwalta da manyan motoci suka karɓe lodin, sai kasuwa ta bi hanya ta bar tasha da tsatsa. Abin da ya sami Fremont ke nan. Jirgi ya haife shi, mota ta haifi kishiyarsa.

Nevada ta halatta caca a watan Maris na 1931, shekarar da aka fara ginin madatsar Hoover. Dubban leburori ke aiki can, an hana su giya da caca a sansaninsu na Boulder City, ranar albashi kuwa sai su yo Fremont. Daga 1951 sojoji suka fara gwajin bam ɗin nukiliya a hamada, kimanin kilomita 100 daga garin, masu otal suka mai da shi abin talla: baƙi su hau rufi da asuba da kofuna a hannu suna jiran hasken da hayaƙin. Amma tun kafin nan wasu sun lura cewa mai kuɗi daga Kalifoniya a motarsa yake zuwa, ta babbar hanya mai lamba 91, kuma a bakin hanyar fili ba iyaka, ga araha, ga shi wajen ikon birni. A 1941 aka buɗe El Rancho Vegas a can. A ƙarshen 1946 Bugsy Siegel, ɗan gungun miyagun da ake kira Mafiya, ya buɗe Flamingo da kuɗin abokan ta'asarsa, bayan wata shida aka harbe shi a Beverly Hills. Da magajin gari ya yi yunƙurin haɗe titin da birni a 1950 don ya sami haraji, masu gidajen cacar suka garzaya wurin gunduma aka yanka musu yankin Paradise. Buɗe Mirage da Steve Wynn ya yi a 1989, kan dala miliyan 630, shi ya kusa binne tsohon gari. Jirgin fasinja ma ya daina tsayawa a 1997. A 2023 gidajen cacar Strip sun ci kusan dala biliyan 9 daga hannun masu wasa, na tsohon gari ba su kai biliyan ɗaya ba.

Dabarar da mutanen Fremont suka yi don kada su mutu ita ce rufe titin. A 1994 suka hana motoci shiga, zuwa 1995 suka ɗora masa rumfa mai tsawon sama da mita 400, nisanta daga ƙasa mita 27. Cikin rumfar duk allon hoto ne, ƙananan fitilu miliyan 49 tun gyaran 2019. Da dare duk awa ɗaya sai a rage wutar gidajen cacar, kiɗa ya ɓarke, dubban mutane su ɗaga kai lokaci guda. Kifaye su yi iyo a samanka, wuta ta ci daga wannan ƙarshe zuwa wancan, taurari su zubo. Ana cikin haka sai ka ga mutane huɗu sun wuce fuu a ƙarƙashin rumfar, rataye a igiyar ƙarfe, ruf da ciki, hannuwa a buɗe suna kururuwa. Kuɗi suka biya aka rataye su.

Nan ba a ɓoye komai, kuma wannan shi ne kyansa da muninsa. Ƙofofin gidajen a buɗe suke wangame, sanyin na'ura na kwararowa titi, kana tafe kana ganin teburan. An zana da'irori a ƙasa inda masu wasan titi ke tsayawa, kuma ko da'irar ma da ƙuri'a ake rabawa. A ɗaya wani saurayi na kiɗa da bokitan fenti, hannunsa ba ya ganuwa don sauri. A ta gaba mai dabo. A ta gaba kuma abin da sai dai mutum ya kau da kai ya yi a'uziyya, maza da mata, har da tsofaffi, kusan tsirara suna neman a ɗauki hoto da su a ba su dala. Warin wiwi ya gauraye da na soyayyen nama. Lokacin da na je akwai gidan abincin da ya kafa sikeli a ƙofa, wanda nauyinsa ya haura kilo 158 ya ci kyauta, jama'a na tafa wa duk wanda ya kai. Mai iyali ba shi da abin yi a Fremont bayan magariba, wannan ba na tantama.

A cikin Golden Nugget, wanda aka buɗe a 1946, na tsaya gaban wani akwatin gilashi na daɗe. Curin zinariya ne mai nauyin kilo 27, mai gurɓi-gurɓi, kalarsa ba ta ƙyalli sosai, yana juyawa a hankali. Wani mutum ne ya tono shi a Ostireliya a 1980 da na'urar gano ƙarfe, bai ko yi zurfin kamu biyu ba a ƙasa, gidan cacar ya saye shi kan sama da dala miliyan ɗaya don kawai ya jawo ƙafa. Turawa na wucewa suna ɗaukar hoto. Ni kuwa Bagega da Dareta suka faɗo mini, da yaran nan sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 a Anka da Bukkuyum, saboda niƙan duwatsun da ake neman ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba a cikinsu. Ban ɗauki hoton ba.

'Yan caca na gaske sun fi son tsohon gari, kuma dalilinsu lissafi ne da ɗan aji shida zai gane. Ɗauki faifan nan mai juyawa da ake jefa wa 'yar ƙwallo. Yana da lambobi 36, in ka dace da lambarka a biya ka ninki 35. Sirrin yana cikin koren gurbin sifiri. In sifirin ɗaya ne, gurabe 37 ke nan, gida na cin kusan 2.7 a kowace 100 da aka zuba. In biyu ne, kamar yadda aka saba a Amurka, ya koma 5.26. A 'yan shekarun nan faifai mai sifiri uku ya bazu, musamman a Strip, abin ya kai 7.69, ladan wanda ya ci kuwa bai ƙaru ba. Haka a kartar ashirin da ɗaya: tsohuwar ƙa'ida in ka zuba 10 ka yi sa'ar farko a ba ka 15, teburan Strip da yawa yanzu 12 suke bayarwa. A Fremont an fi samun tsohuwar ƙa'idar da ƙaramin zubi, a El Cortez na 1941 har da 'yan na'urorin da ke zubo tsabar gaske. Sassaucin dai na wuƙa ne, wata ta fi wata kaifi, duk yanka suke yi. Na tsaya bayan wani tebur na ga mutum ya tara tsibi a gabansa, abokansa na dukan kafaɗarsa. Na je na ci abinci na dawo, kujerar na hannun wani.

To ina ya kamata irinmu ya sauka? Wanda ya zo da iyali, ko kwanansa kaɗan ne kuma taronsa na kusa, ya nemi otal marar gidan caca a gefen Strip, akwai su, ya fito da yamma ya kalli ruwa da fitilu ya koma. Ni dai da na koma tsohon gari ban yi da-na-sani ba. Ɗaki ya fi sauƙi, daga lif zuwa titi minti biyu ne, komai na kusa ƙafa na kai ka. Sharaɗi ɗaya ne: ka roƙi ɗakin da ba ya kallon rumfa, in ba haka ba kiɗa zai raka ka har bayan ɗaya na dare. Kuma da safe, sa'ar da mashaya ke barci ana wanke titi da mesa, za ka ga gari ne na mutane: ma'aikatan kotu da na ofishin magajin gari da kofin gahawa, masu shara, masu dafa abinci da suka tashi daga aikin dare suna jiran bas, yawancinsu 'yan Meziko da Filifin da Habasha. Tsohon ginin kotu da gidan waya na 1933, inda kwamitin Sanata Kefauver ya titsiye masu gidajen caca a 1950, tun 2012 ya zama gidan tarihin Mafiya. Gari ne da ya kafa wa ɓarayinsa gidan tarihi yana karɓar kuɗin shiga.

Sallah ce ta ƙara ɗaure ni a can. Alƙiblar garin arewa take da ɗan karkata gabas, sai da na duba wayata na sake dubawa kafin zuciyata ta yarda. Ranar Juma'a wani direban tasi Bahabashe ya kai ni Masjid As-Sabur, masallaci mafi daɗewa a birnin, 'yan mintoci daga Fremont, a unguwar Westside da ke ƙetaren layin dogo. Unguwar baƙar fata ce tun lokacin da ba a yarda su zauna wani wuri ba. Manyan mawaƙa irin su Sammy Davis Jr. da Nat King Cole kan cika zauren otal a Strip da Turawa, in an tashi su fita ta ƙofar baya su zo nan su kwana a gidajen haya. Otal na farko da ya haɗa fari da baƙi, Moulin Rouge, a nan aka buɗe shi a 1955, bai yi shekara ba ya rufe. Sai a watan Maris na 1960, da baƙaƙen garin suka yi barazanar zanga-zanga a kan Strip, masu otal suka sauko. A sahu na tsaya tsakanin wani dattijo Ba'amurke da wani ɗan Senegal mai aikin gadi a gidan caca. Bayan sallama dattijon ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce lallai sai na tsaya na ci abinci.

Strip ba ya ajiye tsoho. Da otal ya kwana biyu sai a ɗaura masa nakiya, a tara jama'a, a yi wasan wuta, a rushe shi cikin daƙiƙoƙi: Dunes a 1993, wanda Bellagio ke zaune a filinsa, Sands a 1996, Stardust a 2007, Tropicana a 2024. Mirage ɗin da ya tayar da wannan zamani an rufe shi a Yulin 2024. Sabon jirgin ƙasa mai gudu da aka aza harsashinsa a 2024 zuwa kudancin Kalifoniya, tasharsa ma can kudu da Strip za ta kasance, ba a Fremont ba. Abin da tsohon gari ke samu shi ne allunan. In an rushe otal sai a kwaso manyan haruffansa na fitilun niyon a kawo wani fili da ke arewa da Fremont kaɗan, a jingine su a kan tsakuwa, wasu sun fi mutum uku tsawo, da tsatsa da fasassun ƙwai, kaɗan an gyara suna ci. Allon Stardust na nan, na Moulin Rouge na nan. Su ma ba a ganin su kyauta, kuma tikitin dare ya fi na rana tsada.